Sabo turken wawa: darasin Matamaye ga mai son ci gaba

Hausawa na cewa sabo turken wawa, wato mutum kan ɗaure kansa da abin da ya saba har ya kasa lura cewa ciyawar da ke kewaye da turken ta ƙare. To amma Hausawan nan dai su ne suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsakanin waɗannan karin magana biyu ne ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati ke samun kansu duk ranar da zamani ya juya: ko mutum ya zauna cikin abin da ya sani yana kallo yana ƙanƙancewa, ko ya fita neman abin da bai sani ba ya ɗauki kasadar da ke ciki.

A wannan mako mun ga ya dace mu duba al'amarin ta hanyar tarihin yanki guda, wato Matamaye da ƙasar Kance, cikin jahar Damagaram. Da wuya a sami wani wuri a Nijar inda jama'a suka gwada barin sabo ta hanyoyi masu yawa kamar nan. Wasu sun ci riba, wasu kuma sun rasa rayukansu. Abin da tarihin nasu ke nunawa shi ne, nisan tafiya ba ya ƙara wa mutum kome shi kaɗai. Abin da ke ƙara masa shi ne sabon ilimin da ya yarda ya koya, da kuma shirin da ya yi kafin ya ɗaga ƙafa.

Ƙasar da ba ta barin mutum ya zauna

Matamaye na kan hanyar da ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram a Takeita, ta nufi kudu har Ɗan Barto, bakin iyaka, inda ake tsallakawa Kwangwalam a kama hanyar Daura da Kano. Shi ne babban birnin gundumar Kance, wadda ke da ƙananan hukumomi 9, cikinsu har da Kance, da Dungu, da Kurni, da Tsauni, da Ɗan Barto. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum kusan 400,000 a gundumar, cikin filin da bai kai murabba'in kilomita 2,500 ba. Wato fiye da mutum 160 ke nan a kowane murabba'in kilomita, a lokacin da matsakaicin ƙasar Nijar baki ɗaya bai kai mutum 15 ba.

Duk wanda ya taɓa halartar rabon gado ya san ma'anar wannan lissafi. Gonar da ta ciyar da gida guda a zamanin kaka, an raba ta tsakanin ƴaƴa, an sake raba ta tsakanin jikoki. Babu sauran daji da za a sassabe, babu halin barin gona ta huta, ƙasa kuwa rairayi ce mai saurin gajiya. A irin wannan wuri, magidancin da ya ce zai yi daidai yadda ubansa ya yi, ba ragi ba ƙari, zai girbe ƙasa da abin da uban ya girbe, alhali bakunan da ke jiransa sun fi yawa.

A ƙarshen zamanin Turawa da farkon shekarun ƴancin kai, gyaɗa ce ta rufe wannan matsala. Ita ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga kayan da take sayarwa waje. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta da fitar da ita, kuma a Matamaye kanta akwai masana'antar man gyaɗa ta kamfanin SHN. Da kuɗin gyaɗa ake biyan haraji, a yi tufafin salla, a aurar da ƴaƴa. Ɗan kasuwa ya san lokacin da zai cika shago, ma'aikaci ya san lokacin da baitulmali zai cika. Kowa ya saba.

Manomi da sikeli

Mataki na farko na barin sabo da za mu ambata bai buƙaci kuɗin mota ba. A da, manomi kan kai gyaɗarsa kasuwa, akawun mai saye ya ɗora ta kan sikeli, ya faɗi nauyin da ya ga dama, ya rubuta abin da manomin ba ya iya karantawa. A shekarun 1960, zamanin shugaba Jori Hamani, yankin Matamaye na cikin wuraren da aka fara aikin wayar da kan karkara, wanda ake kira animasiyo. Tare da hukumar UNCC, wadda aka kafa a 1962 domin ba manoma rance da haɗa kansu, aka gwada wani tsari a ƙasashen Matamaye da Magarya: ƙauyuka su zaɓi mutane daga cikinsu su riƙa awo da rubutu a kasuwar gyaɗa da kansu.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ƙaramin abu. Magidanci mai mata da ƴaƴa, wanda ake gaishe shi da ladabi a ƙofar gidansa, ya zo ya zauna kan tabarma gaban wani saurayi sa'an ɗansa, yana koyon ƙirga da haruffan boko, yana kuskure ana gyara masa a bainar jama'a. Abin da ya sadaukar shi ne girman kai, kuma a wurin dattijo wannan ya fi kuɗi tsada. Amma wanda ya jure, ya tashi da abin da ba mai iya ƙwace masa. Ranar da gyaɗa ta faɗi, iya karanta sikeli da riƙe littafin lissafi bai faɗi tare da ita ba.

Ranar da gyaɗa ta faɗi

Ta kuwa faɗi. Farin 1973 da 1974 ya ƙone gonaki, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya rage. Manoma suka koma ga hatsi domin ciki, da wake domin kasuwar Najeriya. Daga baya injinan masana'antar mai suka yi shiru. Arzikin ƙasa ya koma arewa, wajen ma'adinin yuraniyom na Arlit.

Mafitar da jama'a suka fi sani ita ce biɗa, wato cin rani. Da zarar an ɗaure hatsi, samari su tsallaka zuwa Daura, Kano, Kaduna, har Ikko, su yi ga-ruwa, dako, gadi, sayar da shayi, su komo da faɗuwar ruwan farko. Biɗa ta rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma ta zama makaranta ga waɗanda suka buɗe ido, domin akwai waɗanda suka komo da sana'ar gini, ɗinki, gyaran babur ko tuƙin mota. Sai dai ita ma ta zama wani sabon turke. Mutum na iya shekara ashirin yana zuwa unguwa ɗaya, yana tura kurar ruwa ɗaya, yana kwana a rumfa ɗaya da ƴan garinsu, ya tsufa bai koyi kome ba sai sunayen tituna.

Rauninta ya bayyana a shekarun 1980. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a Maris na 1986. A wannan shekara ta 1984 kuma damina ta ƙi. Ga rumbu wayam, ga hanyar kudu a toshe. Shi ya sa a ƙasar Hausa ta Nijar mutane da dama suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari.

A lokacin ne gwamnatin Janar Saini Kunce ta yi kiran a rungumi noman rani. Ƙasar Matamaye na da abin da wasu yankuna ba su da shi, wato fadamun Korama, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa. Noman garka ba baƙo ba ne a nan, musamman rake da rogo, amma a da aikin waɗanda suka gaji fadama ne. Bayan 1984 mutanen da ba su taɓa ɗaukar gugar ban ruwa ba suka koyi haƙa rijiya, da rainon iri, da sanin kwanakin tumatir, albasa, barkono da kabeji. Suka koyi abin da ya fi wannan wuya, wato kasuwa: kayan garka ba hatsi ba ne da za a zuba rumbu a jira tsada, in ba ka shirya mota da mai saye ba kafin girbi, sai ka zubar. Daga baya ƙananan injinan ban ruwa suka shigo daga Najeriya, aikin ya ƙara faɗaɗa. Raken da ake sha a Damagaram da Agadas, mai yawa daga cikinsa daga waɗannan fadamu na kudancin jahar yake fitowa.

Gonar da aka daina sharewa

Barin sabo mafi girma da ya faru a yankin, a cikin gona ya faru, kuma shiru aka yi shi. A al'adar da aka saba, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ke fes, ya sare duk wani tsiro, ya ƙone duk wani kututture kafin shuka. Malaman gona na wancan zamani ma haka suke koyarwa. Ga kuma dokar gandun daji ta 1974, wadda ta sa itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin kariyar hukuma, har ya zama manomi na iya shan tara don ya sare reshe a cikin gonarsa. Saboda haka mai wayo kan kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zame masa fitina. Sakamakon shi ne fili tsirara, iska na binne shuka da rairayi, mata na tafiya mai nisa neman itacen girki.

A jahar Maraɗi, wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara rassa ne na itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi aka bari, aka datse sauran, aka kare su daga dabba da gatari, cikin ƴan shekaru sai su zama itace, ba tare da an dasa ko an ba da ruwa ba. Wannan ne ake kira sassaben zamani. Waɗanda suka fara shi sun sha dariyar maƙwabta, ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona.

A ƙasashen Matamaye, Magarya da Mirya kuwa, yawanci manoma da kansu suka ɗauki hanyar, wannan na kallon gonar wancan, musamman tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da yunwa ta nuna wa kowa darajar itace, hannun hukuma kuma ya sassauta. Sun fi ba gawo muhimmanci, kuma da dalili. Gawo na zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa; ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi; da rani kuma ya yi ganye da ƴaƴa, dabbobi su ci su yi kashi a gindinsa. Dama akwai tushe a tarihi, domin ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo.

Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa a waɗannan gundumomi uku kaɗai itatuwa sun farfaɗo a gonakin da faɗinsu ya kai kimanin hekta miliyan 1. A ƙasa baki ɗaya, masu bincike da suka gwama hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun 2000 sun ba da ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Doka ta biyo bayan manoma: an sabunta dokar gandun daji a 2004, sannan a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Waɗannan mutane ba su je ko'ina ba. Sun dai yarda a yi musu dariya na ƴan shekaru, sun bar abin da iyayensu suka koya musu a kan tsabtar gona.

Hanyar Aljeriya

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ba za a yi maganar ƙasar Kance a tsallake ta ba. Itatuwa da garake sun rage wahala, amma ba su ƙara faɗin ƙasa ba, kuma ba kowa ke da fadama ba. Bayan yunwar 2005, da faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, da rikicin Boko Haram da ya dagula biranen arewacin Najeriya, tsoffin hanyoyin biɗa suka ƙuntata. Sai wata sabuwa ta buɗe: mata da ƙananan yara su bi ta Damagaram, Agadas da Arlit, su ƙetare hamada zuwa Tamanraset da sauran biranen Aljeriya, wasu su yi aikatau, da yawa su yi bara. In wata ta komo da katifa da atamfa da kuɗin sayen akuya, maƙwabciyarta sai ta ga ita ce aka bari a baya. Wasu su sayar da abin hannunsu, wasu su jinginar da gona ko su ci bashi domin kuɗin mota.

A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, ba nisa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu ƴan ƙasar Kance ne. Gwamnatin shugaba Mahamadu Isufu ta ayyana zaman makoki na kwana 3. Daga Disamban 2014 aka fara maido da ƴan Nijar daga Aljeriya cikin ayarin motoci, bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu. A Mayun 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda hukumomin soja suka soke a Nuwamban 2023. Duk da haka tafiyar ba ta tsaya ba, ta dai sauya alƙibla: a Maris na 2022 jiragen sama suka kwaso kimanin mutum 1,000 daga titunan Dakar, da yawansu ƴan Kance da Magarya.

Ba mai hankalin da zai zargi waɗannan mata da ragwanci ko tsoro. Macen da ta goya jariri ta hau bayan mota ta nufi ƙasar da ba ta jin harshenta ta fi yawancinmu ƙarfin hali, kuma talauci da bashi da nauyin da maza suka sakar mata su suka tura ta. Abin tambaya shi ne, me irin wannan tafiya ke bari a hannun wanda ya yi ta? Bara ba ta koya wa mutum sana'a. Kuɗin na ƙarewa kafin shekara ta zagayo, sai a sake komawa. Yaron da aka cire daga lakwal ko daga gaban malamin allo domin ya miƙa hannu a bakin titi ya yi asarar shekarun da ba za su dawo ba.

Ina bambancin yake?

In muka jera waɗannan labarai, za mu ga abu uku ne ke raba fita mai amfani da fita mai halakarwa. Na farko, ilimi. Mai koyon sikeli, da mai garka, da mai sassaben zamani, kowanensu ya wayi gari ya iya abin da bai iya ba jiya. Duk matakin da ba ya ƙara wa mutum iyawa, sauyin wuri ne kawai, ko da an ƙetare teku.

Na biyu, girman abin da aka sa cikin kasada. Manomin da ya bar tsiron gawo ashirin a gefen gona guda, in abin bai yi ba, ya sare su baɗi, bai rasa kome ba sai ɗan suna. Wanda ya jinginar da gonar gado don kuɗin mota ya rufe wa kansa ƙofar komawa. Da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Na uku, wa zai biya in abin ya ɓaci? Mutum na da ikon gwada sa'arsa da guminsa da dukiyarsa. Ba shi da ikon gwada ta da ran yaro, ko da kuɗin amanar da aka ba shi ajiya.

Magabatanmu fatake sun san wannan. Ba su taɓa shiga hanyar Gwanja ko ta Tarabulus da ka ba. Ayari na da madugu da ya san sarakunan hanya, da jagaba da ya san rijiyoyi. A zango akwai fatoma mai saukar da baƙi, da dillali mai tsaya wa ciniki. Yaro kan yi shekaru yana bin ubangidansa kafin a danƙa masa jari. Sun yi nisa, amma ba su fafe gora ranar tafiya ba.

Ga ƴan kasuwa

Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya tashi cikin fataucin goro na ƙasa, kamar iyayensa. Da ya ga jirgin ruwa na iya kai goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko cikin ƴan kwanaki, sai ya bar hanyar jakai. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara neman gyaɗa, ya shiga sayenta. A 1929, lokacin da yawancin attajirai ke binne kuɗi a ɗaka, ya kai nasa banki a kan raƙuma. Kowane mataki ya ɗauka, ya dogara ne da abin da ya riga ya sani da mutanen da ya riga ya yarda da su. A wannan zamanin ne kuma fatauci ta hamada ya mutu, waɗanda suka nace masa a Damagaram da sauran birane suka bi shi.

Ɗan kasuwar Matamaye ya ga irin wannan juyi da idonsa. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Wanda ya dogara da kayan Faransa kaɗai ya wayi gari farashi ya ninka, mai fitar da dabbobi da wake kuwa ya sami kasuwa. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowane karo, wanda ya fi jin jiki shi ne mai kaya iri ɗaya, hanya ɗaya, ubangida ɗaya. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina. Ranar da jirgi ya fara tsayawa Daura, lissafin dakon kaya ta Ɗan Barto ba zai zauna yadda yake ba.

Barin sabo ga ɗan kasuwa, sau da yawa ba ya wuce ya riƙe littafin shiga da fita, ya raba kuɗin shago da na cefane, ya koyi cika takardun duwan da kansa maimakon ya miƙa wuya ga ɗan tsakani, ya ware ɗan kaso na jarinsa ya gwada wani kaya, ya sa ɗansa da ƴarsa makaranta ko da yana buƙatar mai tsaron shago.

Ga ma'aikata

Turken ma'aikaci shi ne ƙarshen wata. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da watannin da aka yi ta bin gwamnati bashin albashi ba, lokacin da mushen lakwal da malamin likita suka koma cin bashin masu tebur. Kafin nan, a 1987, an fito da shirin PAIPCE, wanda ke ba ma'aikacin da ya yarda ya ajiye aiki kuɗi domin ya kafa sana'ar kansa. Akwai waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu, akwai kuma waɗanda kuɗin ya narke a hannunsu, domin an ba su jari ba a ba su shekarun koyo da yaron ɗan kasuwa ke yi a gindin ubangidansa ba. Ko aikin kamfani ba shi da tabbas: mahaƙar COMINAK ta Akokan, wadda ta fara aiki a 1978, ta rufe a Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka koma gida.

Saboda haka ba muna cewa ma'aikaci ya ajiye aikinsa gobe ba. Muna cewa ya fara koyo tun albashi na zuwa. Ya nemi ƙarin karatu, ya zauna jarrabawar ƙarin girma ko da yana tsoron faɗuwa, ya koyi kwamfuta wurin ƙaninsa ba tare da jin kunya ba, ya yi ƴar garka ko kiwo da guminsa na halal. In kuma an tura shi aiki Kurni ko Tsauni, kada ya kwashe wata uku yana bin manya a Yamai domin a soke takardar. Ma'aikacin da bai taɓa zama inda babu lantarki ba, bai taɓa sauraron manomi a gindin gawo ba, zai hau kujera yana tsara wa ƙasar da bai sani ba dokoki. Dokar gandun daji ta ɗauki shekaru 30 kafin a gyara ta, alhali manoman Matamaye sun daɗe da gano gaskiyar a gonakinsu.

Akwai kuma haƙƙi a wuyan masu hali da masu mulki. Matan Kance ba za su daina bin hanyar hamada don an yi musu wa'azi ko an kafa shinge ba. Za su daina ranar da matakin da ke kusa ya fi na nesa sauƙin ɗauka: fili a fadama da sunan mace, rance mai sauƙi, wurin koyon sana'a, ɗan kasuwar da zai sayi kayan garka da daraja, da ma'aikacin da zai zauna a ƙauyen da aka tura shi.

Kowa ya duba turkensa, ya auna tsawon igiyar, ya kuma tambayi kansa abin da ya iya bana wanda bai iya ba bara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar neman halal, ya ba mu ƙarfin halin koyo da basirar shiri. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.